Tekun Talakan Sharada: Yinin Lahadi a Gaɓar Kogin Challawa

A watan Afrilu, kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kwanon rufin masana'antun Sharada ya riga ya ɗau zafin da ba a iya ɗora masa tafin hannu. Ma'aunin zafi a Kano yakan kai digiri 40 a wannan lokaci, wani yinin ma ya haura, kuma wannan lissafin inuwa ne. Wanda ke tsaye gaban injin narka roba, da wanda ke fito da fata daga ganga a kamfanin jima, da mai dakon buhu daga sito zuwa tirela, su suka san abin da jikinsu ke sha. In an tashi aiki mutum ya koma ɗakin haya a Ja'en ko Sheka ko Sabuwar Gandu, ya tarar babu wuta, fanka a tsaye, bango yana dawo da zafin da ya tara tun safe. Sai ya ja tabarma ƙofar gida ya kwana da sauro. Haka kwana shida. Ranar Lahadi, ga wanda kamfaninsa ke ba da hutu, tambayar ɗaya ce: ina za a je jiki ya yi sanyi ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba?

Mutumin garin da ke bakin teku ba ya dogon tunani a kan wannan. Alhazanmu da suka yada zango a Jidda sun ga yadda iyalai ke shimfiɗa darduma a gaɓar Bahar Maliya da yamma, ga fulas ɗin shayi, ga yara suna guje-guje, babu mai tambayar kowa tikiti. Kano kuwa tsakaninta da tekun Legas tafiyar kilomita kusan 1,000 ce, kuma da yawa daga leburorin Sharada ba su taɓa ganin teku ba sai a waya. Abin da Allah ya hore musu shi ne Kogin Challawa, wanda ya biyo ta Ƙaraye, ya gangaro ta kudancin birni ta Panshekara, ya je ya haɗu da Kogin Kano a wajen Tamburawa, daga nan su zama ruwa ɗaya da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Wudil ya nufi Haɗeja. Da bazara ruwan yakan ja baya ya bar shimfiɗar yashi mai faɗi a gefe da gefe. Tun da aka gina madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992, ana sako ruwa daga can ko da rani, don haka kogin ba ya ƙafewa gaba ɗaya. Ga ruwa, ga yashi, ga iska, babu katanga babu maigadi. Daga Sharada kuɗin adaidaita sahu ne kawai ta titin Panshekara, ko abokai su goya juna a babur.

Masu wanki ne ke buɗe kasuwar. Tun da sanyin safiya suke sauke ƙullin kaya, su jiƙa, su buga, kafin hantsi yashin ya cika da shanyar shadda da zannuwan gado, an danne kowane da dutse don kada iska ta kwasa. Can gefe injin ban-ruwan wani manomin rani yana ta tari, yana tura ruwa zuwa fadamar tumatir da albasa. Fulani sun gangaro da shanu, sun sha, sun haura. Sai wajen azahar samarin kamfani ke fara isowa, biyu-biyu, uku-uku. Wanda ya zo da babur ko adaidaita sahu yakan fara tura shi bakin ruwa ya wanke, don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Daga nan a tuɓe riga, a cusa waya da 'yan canji cikin takalmi, a rufe da hula, a bar wa wanda bai iya iyo ba gadi.

Yadda lebura ke shiga ruwa daban yake da na yaro. Yaro da gudu yake faɗawa, da ihu, rungume da tsohon tiyub ɗin mota ko jarkar da aka toshe bakinta. Shi kuwa wanda ya yi mako yana aiki a hankali yake takawa, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, sai ya durƙusa ya zauna a kan yashin ƙasa har ruwa ya zo masa wuya. Ba ya iyo, ba ya magana. Yakan ɗebi yashi mai laushi ya goge tafin hannu da tsakanin yatsu, inda baƙin mai ko shuɗin sinadarin jima ya kama ya ƙi fita da sabulu. Yakan daɗe a haka, ido a lumshe. Wanda bai taɓa yini a ƙarƙashin kwanon masana'anta ba zai ɗauka lalaci ne. Wannan zaman shi ne duk hutun da mutumin ya samu a makon.

A kan gaɓa kuwa ciniki ya kankama. Mai kankana ya yanka ta tsaye-tsaye a faranti, mai rake yana fere, yarinya da robar awara da yaji, mai baro cike da mangwaro tun da lokacinsa ne, mai fura da nono a inuwar bishiya. Da 'yan canji mutum zai jiƙa maƙoshi. La'asar na yi sai a fito, a yi alwala a bakin ruwa, a ja sahu a kan yashi, wanda ya fi karatu ya shige gaba. Bayan sallama a kafa takalma biyu a matsayin raga, a buga ƙwallo ba takalmi har rana ta yi ja. Lokaci zuwa lokaci za ka ji muryar wani dattijo daga cikin masu wanki ko masunta: “Kai yaro, dawo nan, wajen akwai zurfi!” Wannan muryar ita ce kaɗai jami'in tsaron wurin.

Abin da ke zubowa daga magudana

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu yi hamdala. Amma ruwan da leburan ke zaune a ciki yana karɓar abin da kamfanonin suka zubar cikin mako.

Kano garin fata ne tun fil azal. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa ta ratsa Sahara a kan raƙuma har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko, saboda ta can take isa gare su. Majeman cikin birni da bagaruwa suke jima, da toka, abubuwan da ƙasa ke iya cinyewa. Jimar zamani da aka kafa a Bompai, daga baya a Sharada da Challawa, hanyarta daban. Ana jiƙa fata a wanke gishirin da aka adana ta da shi, a zuba farar ƙasa da sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don gashi ya tuje, sannan a juya ta cikin ganga da gishirin kuromiyam har ta fito shuɗiya-shuɗiya, yadda ba za ta ruɓe ba. Kowane mataki yana shan ruwa mai yawa, kuma ba duk sinadarin fata ke tsotsewa ba. Ragowar yana bin ruwa ya fita. Ga na masaƙu da rininsu, ga na kamfanonin roba da sabulu da lemo.

Hanyar da ruwan ke bi sananniya ce. Na Sharada yana gangarawa rafin Salanta, shi kuma ya kai shi Kogin Challawa. Na rukunin Challawa, da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, yana bin magudanai ya faɗa kogin kai tsaye. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su ƙare a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Wanda ya tsaya inda irin wannan magudana ke haɗuwa da kogi ba ya buƙatar ɗakin gwaji: ruwan yakan zo baƙi ko ruwan toka, da kumfa a samansa, warinsa na riga shi isowa, kuma sai ya yi tafiya yana bin gefen gaɓa kafin ya gauraya da sauran. Masana a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha ɗibar ruwan waɗannan rafuka da ƙasar gonakin da ake shayarwa da shi, suna samun kuromiyam da dalma fiye da kima. Da rani abin ya fi muni, domin ruwan kogin ya ragu, babu mai yawan da zai tsarma dattin. Wato lokacin da mutane suka fi buƙatar shiga ruwa shi ne lokacin da ruwan ya fi ƙazanta.

Tsofaffin zuwa sun san dabara: a haura sama da inda magudanar ke zubowa. Baƙo bai sani ba, yaro bai damu ba, kuma babu allon da zai faɗa musu. Wanda ya koma gida da ƙaiƙayi ko jan ido sai ya ce zafi ne.

Ba a rasa doka ba. An kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da kamfanonin fata, waɗanda suka wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Maganar gina matatar haɗaka ga Sharada da Challawa da Bompai ta daɗe ana yin ta, gwamnati bayan gwamnati. Masu kamfanoni ma suna da kukansu, kuma kukan gaskiya ne: babu tsayayyar wuta, dizal ya yi tsada, masana'antu da dama a waɗannan unguwanni sun rufe tun shekarun 1990, waɗanda suka rage da ƙyar suke numfashi. Injin tace ruwa wuta yake ci, ba ya kawo riba. Babu mai hankalin da zai so a rufe sauran kamfanonin, domin bakuna dubbai ke ci daga gare su. Amma kuɗin da aka ƙi kashewa a kan tacewa ba ɓacewa yake yi ba, wani ne ke biya. Leburan da ya shaƙi sinadarin daga Litinin zuwa Asabar shi ne ke wanka a cikinsa ranar Lahadi, shi ne kuma ke sayen latas da kabejin da aka shayar da ruwan Salanta ko Getsi. A ganina wannan zalunci ne, ko da babu wanda ya zauna ya ƙulla shi. Kada kuma a manta cewa a kan wannan kogin, a Panshekara, aka kafa matatar ruwan famfo ta farko a Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma matatar Tamburawa tana yankin da kogunan biyu ke haɗuwa. Mai kuɗin unguwar Nasarawa ma yana da ruwa da tsaki a tsabtar Challawa, ko bai taɓa taka yashinta ba.

Ramin da ba a gani

Haɗari na biyu ya fi sauri. Kano tana gini ba dare ba rana, kuma yashin ginin daga kogunan nan yake fitowa. Tifofi na shiga har cikin gadon kogi, samari na lodi da shebur, su ma abincinsu suke nema. Inda aka kwashe sai ya bar rami, ruwa ya rufe shi, samansa ya kwanta lumui. Yaro yana tafiya ruwa iya cinya, taku ɗaya sai ƙasa ta ɓace masa. Abokinsa ya miƙa hannu, shi ma bai iya iyo ba, sai su tafi tare. Duk bazara Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano takan sanar da tsamo gawarwaki daga koguna da kududdufai, kuma jimlar da ke maimaituwa a sanarwar ita ce sun je wanka ne saboda zafi. Jami'an na zuwa da an kira su, amma wanda ya nutse mintuna kaɗan gare shi, motar kuwa daga cikin gari take tasowa.

Mun ga iyakar rashin shiri a kan ruwa ranar 30 ga Nuwamba 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, galibinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka aƙalla 29. Allah ya jiƙansu. Bayan wannan an yi ta maganar rigar kariya da ƙa'idar lodi. Maganar koya wa yara iyo kuwa ba ta samu mai ɗauka ba, alhali ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Ƙasar Hausa tana da Sarkin Ruwa, tana da Sarkawa da masu fito, kuma duk wanda ya kalli bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, ya ga abin da Bakabe ke yi da gora a kan ruwa. A Wudil da Tiga da Ƙaraye akwai masuntan da suka san ruwa ciki da bai. Ilimin yana nan, yaron Sharada ne bai samu ba.

Akwai kuma tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ƙananan dodon-koɗi ke zaune, musamman inda ruwa ya kwanta. Iyaye da yawa har yau ba sa ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro da muhimmanci, alhali maganinsa yana nan a asibiti, kuma barin sa yana lalata mafitsara.

Duk wannan maganar ta maza ce. Matar leburan tana can ɗaki ɗaya mai rufin kwano, tana girki da gawayi da tsakar rana, da goyo a baya. Ita ta fi kowa shan zafin, kuma ita ce ba ta da inda za ta je. Ba za ta shiga ruwa a gaban maza ba, kuma babu mai son ta yi hakan. Gidan Zoo kuɗi ne, wuraren wasan yara na manyan kantuna kuɗi ne, wurin ninƙaya na otal kuwa ba a ma kawo shi a lissafi. Amsar ba ta saɓa wa addini ko al'ada: a keɓe wa mata da ƙananan yara ɓangarensu, a kange shi, mata su tsare shi. Birnin Antalya na Turkiyya ya buɗe gaɓar mata zalla a 2014. Abin da ya hana mu shi ne yanzu ba ma ɗaukar hutun talaka, balle na matarsa, a matsayin aikin hukuma.

An taɓa ɗauka. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, da ya gina madatsun ruwa bai tsaya ga noma ba. Ya yi dam ɗin Bagauda ya kafa otal a bakinsa, ya yi Tiga da aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, ya kuma yi Gidan Zoo a cikin gari. Tunaninsa shi ne Bakano ya ci ya ƙoshi, ya kuma samu inda zai kai iyalinsa. Yau otal ɗin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya. Tiga tana nan da faɗinta, wanda ya tsaya a bakinta da ƙyar yake hango ɗaya gaɓar, ita ce mafi kama da teku a duk jihar. Sai dai tafiyar kilomita kusan 70 ce daga birni, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai albashin naira 71,000, mafi ƙarancin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024, ba zai kwashi mata da yara zuwa can don shan iska ba. Ballantana ɗan aikin yini, wanda ranar da bai fita ba babu ko sisi.

Abin da ya faru a Legas ya isa ishara. Shekaru da dama Bar Beach da ke Victoria Island ita ce gaɓar kowa da kowa. 'Yan Arewa mazauna Obalende da Idi-Araba da Agege sun san ta, wasunsu can suke neman abinci da hayar doki da tsire. Teku ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi aka ɗora sabon birnin Eko Atlantic. Shahararrun gaɓoɓin da suka rage ta wajen Lekki yawancinsu sai an biya a ƙofa, kuma a Afrilun 2024 aka rushe ta Landmark don titin Legas zuwa Kalaba. Mutumin Legas yana jin ƙarar teku daga ɗakinsa, amma sai ya lalubi aljihu kafin ya taɓa ta. Filin da doka ba ta rubuta da sunan jama'a ba, ranar da ya yi daraja wani zai zagaye shi. Shi ya sa Brazil ta sa a dokarta tun 1988 cewa gaɓar teku ta kowa ce, ba a toshe hanyar zuwa gare ta. Yadda Kano ke faɗaɗa ta Kumbotso da Dawakin Kudu, ana yanka filaye har bakin fadama, gaɓar Challawa ba ta fi ƙarfin irin wannan ba.

Kada kuma a ce kogin da ya ƙazantu ya tafi ke nan. Faris ma ba ta bakin teku. Tun 2002 hukumar birnin ke shirya gaɓar Kogin Seine duk lokacin zafi don waɗanda ba su da halin tafiya hutu, kyauta. An hana wanka a kogin tun 1923 saboda datti, aka kashe kusan yuro biliyan 1.4 wajen gyara, a Yulin 2025 aka buɗe wa jama'a wuraren iyo a cikinsa. Ba mu da wannan kuɗin, ba ma buƙatarsa kafin mu fara.

Abin da ake nema a farko bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A zaɓi wani yanki na gaɓa sama da magudanan kamfanoni, a hana tifa shiga nan, a ja igiya da jarkoki a nuna iyakar inda yaro zai tsaya. A ɗauki masuntan yankin aikin tsaro daga Maris zuwa Mayu, su kuma koya wa yara iyo da safe; sun san kowane rami, kuma za su yi murna da albashin. Ma'aikatar Muhalli ta riƙa gwada ruwan tana faɗar sakamakon a rediyo da Hausa, yadda ake faɗar farashin hatsi na kasuwar Dawanau. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sanarwa kafin ta ƙara sako ruwa daga Ƙaraye. Kamfanonin Sharada da Challawa kuwa, su da ma'aikatansu ke cika wurin, rumfa da makewayi da kwandon shara ba za su karya su ba, kodayake babban abin da ke wuyansu shi ne su kunna injin tace ruwansu.

Kafin a kai can, ɗan'uwa mai shirin zuwa rafi wannan Lahadin, ka haura sama da inda ruwan kamfani ke zubowa, ka tambayi masu wanki ko masunta inda aka yi ɗibar yashi, kuma in ɗanka ko ƙanenka ya biyo ka, kada ka ɗauke ido daga kansa har ku fito.